Tiyatar Rage Huhu da Tasirinta a Kan Tsokokin Numfashi: Bayani ga Al'ummar Horo Birni da Kewaye

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan jihar Sakkwato, kamar Horo Birni da ke ƙaramar hukumar Shagari da maƙwabtansa na ƙasar Boɗinga, akan samu dattawa maza da mata waɗanda numfashi ya zame wa aiki. Mutumin da a da yake wuni yana noma, sai ga shi tafiya daga ƙofar gida zuwa kasuwa ta gagare shi sai ya tsaya yana haki. Galibi akan danganta wannan da tsufa ko fuka, alhali kuwa a wasu lokutan wata cuta ce ta daban da likitoci ke kira emfisima. Tana cikin rukunin cututtukan toshewar hanyoyin numfashi masu daɗewa, waɗanda ake taƙaita sunansu da COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2021 wannan rukuni ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.5, wato kimanin kashi 5 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya a wannan shekara.

Wannan bayani ya shafi wata tiyata da ake yi wa waɗanda cutar ta yi wa tsanani, inda ake yanke wani sashe na huhu a cire. Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya za a rage wa mai ƙarancin numfashi huhu kuma a ce zai samu sauƙi? Amsar tana ga tsokokin da ke jawo iska, domin su ne suka fi cin moriyar aikin. Fahimtar wannan yana da amfani har ga majinyacin da ba za a taɓa yi wa tiyatar ba.

Yadda numfashi ke gudana ga mai lafiya

Huhu ba shi da ƙarfin jawo iska da kansa. Kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska da yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma ta bangon waɗannan jakunkuna ne iskar oksijin ke shiga jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito. Masu yi wa huhu aiki su ne tsokoki, kamar yadda zugazugin maƙeri ba ya hura wuta sai da hannun mai zuga.

Babba a cikin waɗannan tsokoki ita ce shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda duk wanda ya taɓa feɗe dabba ya gan ta. Likitoci suna kiran ta dayafaram, a nan kuma za a kira ta tantanin ƙirji. Ga mai lafiya, tantanin yana da siffar ƙwarya a kife: tsakiyarsa ta yi tozo zuwa sama, gefensa kuma ya sauko ya jingina da ƙasusuwan haƙarƙari na ƙasa ta ciki. Idan ya motsa, tozon yana sauka ƙasa, ya danna kayan ciki, su kuma su tura haƙarƙarin ƙasa waje. Ta haka fili ke ƙaruwa a cikin ƙirji, iska ta kwararo. Idan mutum yana hutawa, saukar ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba, amma ita ce ke ɗaukar mafi yawan aikin shaƙar iska, sau 12 zuwa 20 a kowane minti, dare da rana.

Fitar da iska kuwa ba ya bukatar ƙarfi. Lafiyayyen huhu yana da tauri irin na roba; da zarar tantani ya saki, huhu yana komawa da kansa, ya matso iska waje, ya kuma jawo tantanin sama zuwa mazauninsa domin shirin numfashi na gaba.

Abin da emfisima ke yi wa huhu da tantani

Hayaƙin da aka shafe shekaru ana shaƙa yana cinye bangon jakunkunan iska, sai ƙanana da yawa su haɗe su zama manyan ramuka marasa amfani. Taurin robar nan ya tafi, ƙananan hanyoyin iska kuma su riƙa rufewa tun kafin iska ta gama fita. Sakamakon haka, iska tana shiga amma ba ta fita duka. Huhun namiji baligi yana ɗaukar kimanin lita 6 na iska, kuma abin da ke saura bayan ya fitar da iyakar ƙoƙarinsa bai cika wuce lita 1 da ɗan ɗoriya ba. Ga mai emfisima mai tsanani, wannan ragowa takan ninka sau 2 ko fiye. Tun a shekarar 1819 likitan Faransa René Laennec ya lura cewa huhun irin waɗannan mutane ba ya motsewa ko da an buɗe ƙirji bayan mutuwa.

Huhun da ya kumbura da iska yana neman wuri, sai ya tura haƙarƙari waje har ƙirji ya zama kamar ganga, ya kuma danne tantani ƙasa. Ƙwaryar nan da ke kife sai ta baje ta koma kamar faifai. Daga nan matsaloli uku ke tasowa.

Na farko, tsokar takan gajarce. Kowace tsoka tana da tsawon da take bada cikakken ƙarfi a kansa. Mai jan guga a rijiya yakan miƙa hannu sosai ya kama igiya kafin ya ja. Idan hannunsa ya riga ya lanƙwashe a ƙirji, babu sauran tazarar da zai ja. Haka tantanin mai emfisima yake, yana fara aiki daga inda ya kamata ya ƙare.

Na biyu, gefen tantani da ke jingine da haƙarƙari yakan ragu ƙwarai. Maimakon ya buɗa haƙarƙarin ƙasa, a wasu majinyatan sai ya riƙa jawo su ciki yayin shaƙar iska. Iyali za su iya ganin wannan da idonsu idan suka dubi gefen ƙirjin majinyaci yana numfashi.

Na uku, aikin yakan koma kan tsokokin wuya da na kafaɗa da na tsakanin haƙarƙari, waɗanda asalinsu mataimaka ne kawai. Shi ya sa ake ganin jijiyoyin wuyan majinyaci suna miƙewa, kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi. Wannan aiki yana cin ƙarfi mai yawa, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa majinyaci ramewa. Idan ya tashi tafiya, numfashi yana ƙara sauri, lokacin fitar da iska ya ƙara gajarta, iska ta ƙara taruwa, tantani ya ƙara danƙarewa. Nan ne asalin hakin da ke tsayar da mutum a hanya.

Tsokar tana nan da ƙarfinta

An daɗe ana zaton tantanin mai emfisima ya lalace ne baki ɗaya. Bincike ya nuna akasin haka a kan majinyata da yawa. A shekarar 1991, Thomas Similowski da abokan aikinsa a birnin Montreal na ƙasar Kanada sun gwada ƙarfin tantanin masu wannan cuta da na masu lafiya. Sun gano cewa idan aka sa mai lafiya ya cika huhunsa daidai da yadda na majinyaci ya cika, ƙarfin tantanin majinyacin bai gaza nasa ba. A shekarar 1997 kuma, Sanford Levine da tawagarsa a birnin Philadelphia na Amurka sun nuna cewa tantanin masu cutar mai tsanani yana ƙara yawan zaren tsoka mai jure gajiya, irin sauyin da ake gani a jikin mai yawan motsa jiki. Ko da yake cutar tana yi wa zaren tsokar wani lahani, babbar matsalar ita ce mazaunin da huhu ya tilasta mata. Wannan ne tushen hikimar tiyatar: idan aka rage girman huhu, tsokar za ta samu sarari.

Tarihin tiyatar da yadda ake yin ta

Likitan fiɗa Otto Brantigan na birnin Baltimore a Amurka shi ne ya fara wannan aiki a shekarun 1950. Sai dai a lokacin kusan mutum 1 cikin kowane 6 da aka yi wa yana mutuwa, saboda haka aka yi watsi da shi. Wanda ya farfaɗo da aikin shi ne Joel Cooper, likitan da ya jagoranci dashen huhu na farko da ya yi nasara mai ɗorewa a birnin Toronto a shekarar 1983. A wajen dashe ya lura cewa idan aka sa wa mai emfisima huhu madaidaici, ƙirjinsa yakan koma kusa da siffarsa ta asali, tantani kuma ya hau sama. A shekarar 1995, yana aiki a birnin St. Louis, ya wallafa sakamakon majinyata 20 da ya rage wa huhu ta ɓangarorin biyu, inda numfashinsu ya inganta ƙwarai.

A wannan tiyata ana cire kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kowane huhu, ana zaɓar wuraren da suka fi lalacewa, waɗanda galibi suke can sama. Ana shiga ko dai ta tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji, ko ta ƙananan kafofi a gefe tare da kyamara. Ana yankewa da wata na'ura mai ɗinkewa da ƙananan ƙarafa nan take, kuma Cooper ya riƙa ƙarfafa bakin ɗinkin da tantanin zuciyar saniya domin hana iska yoyo.

Abin da ke sauyawa ga tsokoki bayan aiki

Daga shekarar 1997 zuwa 2001, cibiyoyin bincike a Amurka da Beljiyam sun auna tsokokin numfashi kafin tiyata da bayanta, kuma sakamakonsu ya dace da juna a kan muhimman abubuwa.

Tantani yana hawa sama, tsawonsa ya ƙaru. Masu bincike na Jami'ar Temple a Philadelphia, ƙarƙashin Gerard Criner, sun nuna haka, sun kuma nuna cewa ƙarfin da yake jan iska da shi ya ƙaru. A birnin Brussels, hotunan cikin ƙirji da aka ɗauka da na'urar CT sun nuna cewa gefen tantani da ke jingine da haƙarƙari ya ƙara faɗi, wanda ke nufin ya sake samun damar buɗa ƙirji ta ƙasa.

Har ila yau, nauyin da ke kan tsokar yana raguwa. Sauran huhun da aka bari yana da ɗan tauri, kuma da yake yanzu ya samu wurin miƙewa, yana riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe. Iska tana fita da sauƙi, taruwarta yayin tafiya ta ragu.

Bugu da ƙari, an gano cewa umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsokar yana haifar da ƙarin iska fiye da da. Wannan batu yana da muhimmanci, domin jin sarƙewar numfashi yana zuwa ne idan ƙwaƙwalwa ta yi ta bada umarni mai ƙarfi amma iskar da ke shigowa kaɗan ce. Idan umarni da sakamako suka daidaita, majinyaci yana jin sauƙi, tsokokin wuya da na kafaɗa kuma su huta.

Wajibi ne a sani cewa wannan sauƙi ba warkewa ba ce. Jakunkunan da suka lalace ba sa dawowa, kuma cutar tana ci gaba a sauran huhun. Amfanin yakan kai ƙololuwa cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali cikin shekaru.

Wa tiyatar ke amfana, wa take cutarwa

Babban gwajin da ya tantance wannan shi ne wanda ake kira NETT, da aka gudanar a cibiyoyi 17 na Amurka a kan majinyata 1,218, aka wallafa sakamakonsa a shekarar 2003. An raba su gida biyu, wasu aka yi musu tiyata, wasu aka bar su a kan magani kaɗai, bayan dukkansu sun yi makonni 6 zuwa 10 na horon motsa jiki.

Cikin kwana 90 na farko, kashi 7.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rasu, idan aka kwatanta da kashi 1.3 na masu shan magani kaɗai. Bayan shekara 2, kashi 15 cikin 100 na masu tiyata sun samu ƙaruwar ƙarfin motsa jiki mai ma'ana, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 3 ne kawai. Waɗanda suka fi amfana su ne masu lalacewar saman huhu waɗanda ƙarfin motsinsu ya yi ƙasa ko bayan horo. Su kam har tsawon rayuwarsu ya ƙaru. Akasin haka, tun a shekarar 2001 aka daina shigar da wani rukuni cikin gwajin, wato waɗanda awon numfashinsu bai wuce kashi 20 cikin 100 na abin da ya kamata ba, kuma cutar ta game huhu baki ɗaya ko shigar iska cikin jini ta yi ƙasa matuƙa. Kashi 16 cikin 100 na wannan rukuni sun rasu cikin kwana 30 bayan aiki.

Dalilin bambancin a fili yake. Idan ɓarnar ta taru wuri guda, cire ta yana bai wa sauran huhu mai ɗan lafiya da tantani sarari. Idan kuwa ta game ko'ina, duk abin da aka yanke an rage wa majinyaci ɗan abin da yake rayuwa da shi ne. Matsalar da aka fi samu bayan aiki ita ce yoyon iska daga bakin ɗinki, wanda a kusan rabin majinyata yakan kai mako guda ko fiye.

A shekarar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata hanya da ba ta bukatar yanka. Ana zura bututu ta maƙogwaro, a dasa ƙananan marufai irin su Zephyr a hanyar iskar sashen da ya lalace. Marufin yana barin iska ta fita amma ba ya barin ta shiga, har sashen ya motse. Manufar ɗaya ce da ta tiyata. Ita ma tana da sharuɗɗanta, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yakan samu hujewar huhu da ke bukatar kulawar gaggawa a asibiti.

Abin da wannan ke nufi ga al'ummarmu

Ko a ƙasashe masu arziki, cibiyoyi ƙalilan ne ke yin wannan aiki, kuma kaɗan daga cikin majinyata ne suke cika sharuɗɗansa. A ƙasashe irin namu akwai ƙarin abin lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa taba ce ke haddasa sama da kashi 70 cikin 100 na cutar COPD a ƙasashe masu arziki, amma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kashi 30 zuwa 40 ne, inda hayaƙin cikin gida ke taka babbar rawa. Uwar gidan da ta shekara 40 tana girki da icce da karan dawa a rufaffen madafi tana cikin haɗari ko da ba ta taɓa riƙe sigari ba. Bincike ya nuna cewa hayaƙin icce ya fi ƙuntata hanyoyin iska, hayaƙin taba kuwa ya fi cinye jakunkuna. Haka kuma tarin fuka yakan bar tabo a huhu bayan an warke. Irin waɗannan majinyata galibi magani da horo suka fi dacewa da su. Saboda haka matakin farko shi ne gano ainihin cutar.

Duk wanda ya wuce mako 2 yana tari, ya je cibiyar lafiya mafi kusa a gwada majinarsa. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Idan ba shi ba ne kuma haki ya ci gaba, ya nemi a tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin likita ya duba shi, a ɗauki hoton ƙirji, a kuma auna numfashinsa da na'urar da ake hurawa. Wannan awon ne ke tabbatar da cutar.

Darasin tiyatar shi ne cewa duk abin da ya rage iskar da ta maƙale a huhu yana taimakon tantani. Akwai hanyoyin cimma wani ɓangare na wannan a gida:

1. Barin taba da shisha gaba ɗaya. Shi ne abin da ya fi rage saurin lalacewar huhu, kuma ba a yi wa mai shan taba wannan tiyata sai ya shafe watanni da bari.

2. Nisantar hayaƙi da ƙura. A yi girki a sarari ko a buɗe wa madafi tagogi, a yi amfani da busasshen icce ko murhu mai rage hayaƙi. Lokacin hunturu kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Majinyaci ya kauce wa wurin sussuka da shiƙa, ya rufe hanci da baki ranar da hazo ya sauka.

3. Amfani da maganin shaƙa yadda likita ya tsara. Yana buɗe hanyoyin iska, huhu ya rage kumburi, tantani ya ɗan hau sama.

4. Fitar da iska ta tsukakken baki. A shaƙa ta hanci a ƙirga 2, a fitar a hankali ta baki kamar mai hura kunu mai zafi a ƙirga 4. Wannan yana hana ƙananan hanyoyi rufewa da wuri.

5. Sunkuyawa gaba idan haki ya taso. A zauna a dafa gwiwoyi, ko a tsaya a dogara da sanda ko bango. Kayan ciki suna tura tantani sama, ya samu tsawon yin aiki.

6. Tafiya kowace rana daidai ƙarfi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Zaman wuri ɗaya yana raunana tsokokin ƙafa, kuma raunanan tsokoki sun fi bukatar iska.

7. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin cikakken ciki yana takura numfashi. A haɗa da wake, gyaɗa, nono, ƙwai ko kifi saboda gina tsoka.

8. Guje wa sayen ƙwayoyi irin su deksametason da firedinisolon a kemis ba da umarnin likita ba. Suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma daɗewa a kansu yana raunana tsokoki, har da na numfashi. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya bari farat ɗaya, ya tuntuɓi likita.

Idan leɓe ko farce suka yi shuɗi, ko majinyaci ya kasa kammala magana saboda haki, ko ya fara ruɗewa da yawan barci, to tsokokin sun kusa gazawa ne. A gaggauta kai shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Kammalawa

Tiyatar rage huhu tana taimaka wa zaɓaɓɓun majinyata ta hanyar mayar da tantanin ƙirji kusa da mazauninsa, ta ƙara masa tsawo da ƙarfi, ta kuma rage masa nauyi. Tana da haɗari, amfaninta yana raguwa da shekaru, kuma ƙwararrun likitoci ne kaɗai za su iya tantance wanda ta dace da shi bayan cikakken awo. Ana kira ga jama'ar Horo Birni da sauran garuruwan Shagari da Boɗinga, musamman magidanta da masu kula da tsofaffi, da kada su ɗauki haki mai daɗewa a matsayin tsufa kawai. A kai majinyaci awo da wuri, a raba shi da hayaƙi, a kuma taimaka masa ya riƙe matakan da aka zayyana a sama.